Muhawara: gani ya kori ji, amma kyamara ta hana kisan baƙar fata a Amurka?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Yau 25 ga Mayu, ranar da George Floyd ya cika a ƙarƙashin gwiwar ɗan sanda a Minneapolis a 2020. Zan ajiye wata magana a gabanku, mai ja ya ja. Ni a ganina bidiyo ne ya ƙwato wa Floyd haƙƙinsa, kuma da za a rataya wa kowane ɗan sandan Amurka kyamara a ƙirji, da an yi maganin mafi yawan kisan da ake yi wa baƙar fata. Ku duba sanarwar farko da rundunar birnin ta fitar: cewa ta yi wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta taso masa a lokacin da 'yan sanda ke tare da shi. Ba a ambaci gwiwa ba, ba a ambaci wuya ba. Abin da ya rusa wannan sanarwa wayar wata yarinya ce 'yar shekara 17, Darnella Frazier, wadda ta tsaya a bakin titi gaban shagon Cup Foods ta ɗaga wayarta, ba ta sauke ba har aka ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Minti 9 da daƙiƙa 29 ɗan sandan, Derek Chauvin, ya yi yana danne da shi. A Afrilun 2021 kotu ta kama shi da laifi, aka yanke masa shekara 22 da rabi. Gani ya kori ji.

Barista Zainab: Wa alaikumus salam Malam. Cewa bidiyon Darnella ya yi aiki, wannan babu mai musu. Amma inda ka ce kyamara ce magani, a nan ba zan bari ta wuce ba, don akwai gawawwakin da aka ga mutuwarsu ƙiri-ƙiri kuma ba a ɗaure kowa ba.

Eric Garner, 17 ga Yulin 2014, a Staten Island ta New York. Zarginsa ake da sayar da sigari kara-kara ba haraji. Ɗan sanda Daniel Pantaleo ya shaƙe shi ta baya, irin shaƙar da rundunar New York ta haramta wa jami'anta tun 1993. Sau 11 aka ji shi a bidiyo yana cewa ba ya iya numfashi. A Disamban wannan shekarar kwamitin tantance tuhuma ya ce babu abin da za a gurfanar da Pantaleo a kai. Gwamnatin tarayya ta riƙe maganar shekara biyar, sannan a Yulin 2019 ta ce ita ma ba za ta tuhume shi ba. Korarsa daga aiki kawai aka yi, wata guda bayan haka.

Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, a Cleveland, Nuwamban 2014. Bindigar wasa ce a hannunsa. Kyamarar filin wasan ta nuna motar 'yan sanda ta tsaya a gabansa, ba a cika daƙiƙa biyu ba aka harbe shi. Wanda ya buga waya ya kai rahoto ya faɗa da bakinsa cewa wataƙila bindigar ta bogi ce, kuma wataƙila yaro ne, amma ba a isar wa jami'an da wannan ba. Ba a gurfanar da kowa ba.

Philando Castile, Yulin 2016, a jihar Minnesota ɗin dai da aka kashe Floyd. Shi da kansa ya gaya wa ɗan sanda cewa yana da bindiga. Lasisin riƙe ta kuwa yana da shi. Harsashi bakwai aka sakar masa, da yarinya 'yar shekara huɗu a kujerar baya. Budurwarsa ta nuna wa duniya abin da ya biyo baya kai tsaye a Facebook, ga kuma kyamarar gaban motar 'yan sanda. An gurfanar da ɗan sandan, Jeronimo Yanez, masu taya alƙali (mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko mutum ya yi laifi) suka wanke shi a 2017. Malam, duk waɗannan an gani.

Malam Habu: Barista, kin ɗauko waɗanda aka faɗi, kin bar waɗanda aka ci. Walter Scott fa? A Afrilun 2015 a North Charleston, ɗan sanda Michael Slager ya ce sun yi kokawa a kan bindigar lantarkinsa, ya ji tsoron ransa. Sai ga bidiyon wani mai wucewa yana nuna Scott yana gudu, ya juya baya, ana harbi har sau takwas. Slager shekara 20 yake yi. Laquan McDonald fa, a Chicago? Rahotannin 'yan sanda sun ce ya yo kansu da wuƙa, bidiyo ya nuna yana kaucewa ne daga wajensu aka zuba masa harsashi 16. Da babu hoton nan, wa zai taɓa Jason Van Dyke, ɗan sandan da ya harbe shi?

Injiniya Nura: Malam Habu, Allah ya ƙara sani, amma akwai abubuwa biyu da ka haɗa wuri guda, kuma ba ɗaya ba ne: wayar mai wucewa daban, kyamarar da ke hannun hukuma daban. Bidiyon Floyd da na Scott da na Garner duk na mutanen gari ne. Abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, 'yan sandan da suka danne Floyd suna sanye da kyamarar ƙirji, kuma a kunne. Ita kanta waccan sanarwar ta rashin lafiya ta faɗi haka. Wato kyamara tana aiki, rundunar kuma ta rubuta abin da ta rubuta. Sai a Agusta jama'a suka ga waɗannan hotuna, bayan an kai ruwa rana a kotu.

Bari in faɗi yadda na'urar take aiki, don a ga inda ake samun matsala. Irin wadda mafi yawan rundunoni suke amfani da ita, ta kamfanin Axon, tana ɗaukar hoto a koyaushe tana gogewa. Sai jami'i ya danna maɓalli sannan ta fara adanawa, ta haɗa da abin da ya wuce kafin dannawar, yawanci daƙiƙa 30, kuma wannan ɓangaren ba shi da murya. To mafi yawan rigima a kotu a kan me aka ce ne kafin harbi: an yi gargaɗi ko ba a yi ba, me mamacin ya amsa. Daidai wurin da sauti ba ya nan ke nan idan an makara wajen dannawa. A kisan Sonya Massey a Illinois, Yulin 2024, matar da ita ce ta kira 'yan sanda gidanta, wanda ya harbe ta bai kunna tasa ba sai bayan ya yi harbin. Kyamarar abokin aikinsa ce ta ɗauka.

Na biyu, wurin da take maƙale. Tana ƙirji, tana kallon gaba, ba ta nuna hannun mai ita ko gwiwarsa. Da an fara kokawa sai hoto ya koma riga da ƙasa da girgiza, mai kallo ya ji kamar jami'in ne ke cikin haɗari. Wani lokaci ta faɗi ƙasa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a kamun Elijah McClain a Colorado a 2019, inda murya ce kusan kawai ta rage.

Na uku, kuma mafi girma: wa ke riƙe da hoton? Misalin Laquan da ka kawo, ni a wajena hujja ce a kanka. An kashe shi 20 ga Oktoban 2014. Bidiyon yana hannun hukuma tun daren. A Afrilun 2015 birnin ya biya iyalansa dala miliyan 5 tun ba su shigar da ƙara ba, bidiyo yana ɓoye. Sai da alƙali ya ba da umarni aka sake shi a Nuwamban 2015, wata 13 bayan kisan, kuma a ranar da za a sake shi ne aka tuhumi Van Dyke. An ba kura ajiyar nama ke nan. Jami'ai uku da aka gurfanar kan rufa-rufa an wanke su a 2019, shi kuma Van Dyke an yanke masa wata 81, ya fito a Fabrairun 2022.

Sadiya: Yaya Nura, to ba a taɓa gwadawa an ga ko kyamarar tana sa su rage dukan mutane ba? Ai ko ba a je kotu ba, wanda ya san ana ɗaukarsa zai kama kansa.

Injiniya Nura: An gwada, ƙanwata. Gwajin da ya yi suna shi ne na garin Rialto a California, 2012 zuwa 2013: amfani da ƙarfi ya ragu da wajen kashi 60 cikin 100, ƙorafin jama'a ya ragu da kashi 88. Bayan ɗan sanda ya harbe Michael Brown, matashi baƙar fata, a garin Ferguson a 2014, gwamnatin Obama ta nemi dala miliyan 75 don sayen kyamara 50,000, kuma gwajin Rialto na cikin abin da ake ta kafa hujja da shi. Amma Rialto ƙaramar runduna ce, jami'ai 54 ne a gwajin. Da aka maimaita a birnin Washington da jami'ai sama da 2,000, wasu da kyamara wasu babu, sakamakon da ya fito a 2017 bai nuna wani bambancin a zo a gani ba, ko a amfani da ƙarfi ko a ƙorafi. Mutum yana kama kansa ne idan ya san hoton zai jawo masa hukunci. Idan ya ga abokan aikinsa an ɗauke su kuma ba abin da ya same su, kyamarar ta zama kamar maɓallin riga.

Barista Zainab: Abin da Injiniya ya faɗa na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙa. Masu taya alƙali ba a tambayarsu ko abin da suka gani ya yi muni. Tambayar da doka ta ba su daban ce. A 1989, a shari'ar Graham da Connor, Kotun Ƙolin Amurka ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi ne da idon jami'i mai hankali da ke tsaye a wurin a wannan lokacin, wanda dole ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido, ba da idon wanda ya zo daga baya ya san yadda abin ya ƙare ba. Shi ya sa lauyan ɗan sanda ba ya musun bidiyo. Tsayar da shi yake yi, ya yanka shi gutsi-gutsi, ya ce ku dubi hannun mamacin a wannan daƙiƙar, wa ya san abin da zai ciro? Haka aka yi da bidiyon dukan da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa Rodney King, aka wanke jami'an a 1992, haka aka yi a shari'ar Castile.

Kafin ma a kai nan akwai matakai, kuma kowanne ƙofa ce da magana kan mutu. Na farko, wa zai yi bincike? Sau da yawa rundunar da jami'in yake ciki, ko maƙwabciyarta. Na biyu, lauyan gwamnati na gunduma, wanda zaɓensa ake yi, kuma kowace rana da shaidar waɗannan 'yan sandan yake cin shari'o'insa. Na uku, a jihohi da dama, kwamitin tantance tuhuma: zamansa a asirce ne, lauyan gwamnati ne ke zaɓen abin da za a nuna musu da laifin da za su duba. Idan ba ya son tuhuma, ya san yadda zai jera musu kayan. Na huɗu, idan jiha ta ƙi, sai tarayya, kuma dokarta ta fi tsauri: dole a tabbatar jami'in da gangan ya take haƙƙin mutumin, sakaci ko mugun tunani bai isa ba. Farfesa Philip Stinson, wanda ya daɗe yana bibiyar waɗannan shari'o'i, ya nuna cewa ƙasa da 2 cikin 100 na harbin da ya kai ga mutuwa ne ake tuhumar jami'i a kai.

To me ya bambanta shari'ar Floyd? Gwamnan jihar ya ɗauke ta daga hannun lauyan gunduma ya miƙa wa babban lauyan jiha, Keith Ellison (shi ne Musulmi na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Amurka, ga wanda bai sani ba). Cikin kwanaki ya ƙara nauyin tuhumar, ya haɗa da sauran jami'ai uku. Sannan shugaban 'yan sandan birnin, Medaria Arradondo, ya zo kotu ya ce abin da Chauvin ya yi ya saɓa wa koyarwarsu da ƙa'idarsu. Ba kasafai ake ganin haka ba. Kuma minti tara ba ƙiftawar ido ba ce, mutumin yana cikin ankwa, don haka waccan kariya ta 1989 ba ta da wurin tsayawa. Amma ku lura, Ellison ɗin nan ne a 2022 ya ce doka ba ta ba shi damar tuhumar wanda ya harbe Amir Locke ba, matashin da aka faɗa wa yana kwance lulluɓe da bargo a kan kujera, kuma kyamarar ƙirji ta ɗauki komai.

Dakta Rabi: Ku ba ni dama in ƙara ƙofa ɗaya da Barista ba ta ambata ba: takardar binciken gawa. Bidiyo yana nuna abin da aka yi wa mutum, amma likita ne ke rubuta abin da ya kashe shi, kuma lauyoyin Chauvin a nan suka kafa tuƙa: ciwon zuciya ne, ƙwaya ce a jininsa. Takardar tuhumar farko ma ta kawo bayanin wucin gadi cewa ba a ga alamar shaƙewa a jikinsa ba. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka an gama magana. Alhali mutuwar dannewa sau da yawa ba ta barin tabo a maƙogwaro, don ba lallai ne a toshe maƙogwaron ba.

Ga yadda take faruwa. An kwantar da mutum rub da ciki a kan kwalta, an ɗaure hannayensa ta baya, an ɗora masa nauyi a baya da wuya. Numfashi yana buƙatar ƙirji ya buɗe gaba da gefe, cikin kuma ya samu wurin motsi. Kwalta ta tare gaba, gwiwa ta tare baya. Sai ya koma jan iska kaɗan-kaɗan, wadda ba ta kaiwa can ƙasan huhu inda jini ke ɗaukarta. Iskar da jini ke buƙata ta yi ta raguwa har ƙwaƙwalwa ta tafi, zuciya ta biyo baya. Dakta Martin Tobin, masanin huhu, ya bi bidiyon a kotu daki-daki, har ya nuna wa masu taya alƙali yadda Floyd yake tura yatsunsa a jikin tayar mota da kwalta don ya ɗaga gefen ƙirjinsa na dama ya samu iska. Wannan wurin yana da wuyar kallo. Maganar da jami'ai ke yi cewa mai iya magana yana iya numfashi kuwa kuskure ne mai kisa: ana magana ne da iskar da ke fita, kuma 'yar kaɗan ta isa. Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1995 ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar da takardar gargaɗi cewa da zarar an sa wa mutum ankwa a ɗaga shi daga kan cikinsa.

Akwai kuma wata cuta da aka daɗe ana fakewa da ita, wai haukan zumuɗi, da ake cewa tana ba mutum ƙarfin da ya wuce kima sannan ta kashe shi farat ɗaya. Ɗaya daga cikin jami'an da ke kan Floyd ya ambace ta a wurin. Da ita aka kafa hujja aka yi wa Elijah McClain allurar ketamin miligiram 500, wadda ta yi wa jikinsa yawa ƙwarai. Rahoton farko ya ce ba a gano musabbabin mutuwarsa ba, daga baya aka gyara, kuma sai a 2023 aka kama ma'aikatan lafiyan biyu da laifi. A wannan shekarar ce ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka ta janye takardarta da ta goyi bayan wannan suna, California kuma ta hana rubuta shi a matsayin musabbabin mutuwa. Wani nazari a mujallar Lancet a 2021 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda suka mutu a hannun 'yan sanda daga 1980 zuwa 2018 ba a rubuta su a haka ba a kundin mace-mace na ƙasa.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, ina ta sauraro. Tambaya biyu gare ni. Ta farko, iyalan Floyd an ba su dala miliyan 27, na Breonna Taylor miliyan 12, na Tamir miliyan 6, na Garner kusan miliyan 6. Wannan ba diyya ba ce? Ko a shari'armu ai diyya tana kashe magana. Ta biyu, Tyre Nichols da aka lakaɗa wa duka har ya mutu a Memphis a 2023, jami'an biyar duk baƙar fata ne. To a ina launin fata ya shigo?

Barista Zainab: Ranka ya daɗe Baba, sunan ne ya yi kama. A fiƙihu, diyyar kisan kuskure tana biyo bayan tabbatar da wanda ya yi kisan, danginsa na wajen uba su ɗauki nauyin biya, shi kuma kaffara tana kansa. Wato abin yana taɓa shi da gidansu. A can kuwa sulhu ne tsakanin birni da iyali, yawanci da sharaɗin cewa birnin bai amsa laifi ba, kuma kuɗin daga baitulmalin birni ko inshora yake fita, harajin mutanen gari, har da maƙwabtan mamacin. Farfesa Joanna Schwartz ta bi irin waɗannan kuɗaɗe a rundunoni da dama, ta samu cewa abin da ya fito daga aljihun jami'an kansu kusan kashi 0.02 ne cikin 100. Kasafin rundunar ma sau da yawa ba ya girgiza.

Manyan kuɗin da ka lissafa kuwa na waɗanda duniya ta ji labarinsu ne. Wanda ba a ji nasa ba yakan ci karo da rigar kariya da kotuna suka ɗinka wa jami'ai: ba za a ci ɗan sanda tara ba sai an nuna wata shari'a ta baya mai kama da wannan sosai, wadda ta riga ta ce yin hakan haramun ne. Idan babu, a kori ƙarar, kuma korar tana nufin gobe ma babu. Colorado ta yi wani yunƙuri a 2020: ta buɗe ƙofar ƙara a kotun jiha ba tare da wannan riga ba, kuma jami'in da aka samu bai yi da kyakkyawar niyya ba zai biya kashi 5 cikin 100 ko dala 25,000, wanda ya fi ƙanƙanta. Ƙudirin dokar tarayya mai sunan Floyd ya wuce majalisar wakilai sau biyu, ya maƙale a majalisar dattawa a 2021. Kuma rundunonin tsaro a ƙasar sun kai wajen 18,000, kowace da ƙa'idarta.

Malama Hauwa: Baba, tambayarka ta biyu. A duba wanda ake tsarewa da unguwar da ake turawa, kafin a duba fatar mai kaki. Jami'an da suka kashe Nichols 'yan wata runduna ce ta musamman mai suna SCORPION, da ake turawa wasu unguwanni a motocin da ba su da alama, aikinsu tsayar da mutane a kan ƙananan laifukan hanya su lalube su. Duk wanda ya san abin da ya haifar da zanga-zangar neman rusa SARS a Najeriya a 2020 ya san irin wannan tsari. Wa ke zaune a waɗannan unguwanni? Binciken ma'aikatar shari'a a Ferguson a 2015 ya samu baƙar fata kashi 67 ne na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tsayarwa a mota, kashi 93 na waɗanda ake kamawa, kuma garin ya mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga. Ƙididdigar jaridar Washington Post tun 2015 ta nuna ana harbe wajen mutum 1,000 a shekara. Fararen fata sun fi yawa a adadi, amma idan aka auna da yawan jama'a, baƙar fata ya ninka sau biyu da ɗoriya.

Sai dai ni ina tare da Malam Habu a wani ɓangare, kuma ina so a ba shi haƙƙinsa. Hoto yana faɗuwa a kotu ya yi nasara a zukata. A 1955 aka kashe Emmett Till a Mississippi, yaro ɗan shekara 14. Mahaifiyarsa, Mamie Till, ta ce a bar akwatin gawar a buɗe mutane su ga abin da aka yi wa ɗanta, mujallar Jet ta buga hoton. Masu taya alƙali, duk fararen fata, sun wanke makasan cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Amma hoton nan yana cikin abin da ya tayar da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata.

Abin da nake tsoro shi ne mu wayi gari ba ma tuna kowa sai wanda aka ɗauka a hoto. Amadou Diallo, matashi ɗan Gini mai talla a titin New York, an tare shi a zauren gidan da yake haya a Bronx a daren 4 ga Fabrairun 1999. Ya sa hannu ya ciro walat ɗinsa. Harsashi 41 jami'ai huɗu suka harba, 19 suka same shi. Aka mayar da shari'ar Albany, aka wanke su duka. Babu bidiyo. Breonna Taylor, ma'aikaciyar asibiti 'yar shekara 26, an fasa ƙofarta a Louisville bayan tsakar dare, 13 ga Maris 2020. Saurayinta ya ɗauka 'yan fashi ne ya yi harbi ɗaya, 'yan sanda suka mayar da 32, suka kashe Breonna. Babu hoton samamen, ba a samu ƙwaya a gidan ba, kuma a rahoton 'yan sanda, wurin da ake rubuta raunuka, an rubuta babu. Abin da ya tona asiri takarda ce: rantsuwar da aka nemi izinin shiga gidan da ita ta ce jami'in gidan waya ya tabbatar ana aiko wa wanda ake nema kaya ta gidanta, kuma ƙarya ne. Wata jami'a, Kelly Goodlett, ta amsa a 2022 cewa da ita aka ƙulla. Watanni biyu labarin Breonna ya yi kusan a binne kafin ƙasa ta ji shi, kuma saboda irin wannan mantuwa da ake yi da mata ne aka fara gangamin "a ambaci sunanta", don mata baƙar fata da suka mutu a hannun 'yan sanda, tun kafin mutuwar Sandra Bland a tsare a Texas a 2015. A Montgomery ta Alabama, wurin tunawa da aka buɗe a 2018 yana da ginshiƙan ƙarfe sama da 800 a rataye, kowanne na gunduma ɗaya, ɗauke da sunayen baƙar fata sama da 4,400 da gungun mutane suka kashe tsakanin 1877 da 1950. A gidan tarihin da ke haɗe da shi akwai kwalabe jere cike da ƙasar da aka ɗebo daga wuraren kisan, ja da baƙa da ruwan toka, kowace da suna da kwanan wata. A kan wasu an rubuta ba a san sunansa ba.

Malam Habu: Na ji, kuma na janye kalmar magani. Amma ban janye sauran ba. Duk abin da Barista ta lissafa a shari'ar Floyd, sauya lauya, shaidar shugaban 'yan sanda, har bayanin Dakta Tobin, a kan bidiyon yarinyar nan aka gina su. Gwamna bai ɗauke shari'ar don Allah ya ƙaddara ba, ya ɗauke ta ne don miliyoyin mutane sun gani sun fito titi. Nichols ma kyamarar da ke kan turken fitilar titi ce ta nuna dukan daga sama. To a gyara riƙon hoton mana. A cire shi daga hannun rundunar, a sa wa'adi.

Injiniya Nura: Wa'adi akwai shi a wasu wurare, Malam. Chicago ta sa kwana 60 bayan abin kunyar Laquan, California ta sa kwana 45 a doka. Abin da ya rage shi ne uku: kyamara ta riƙa kunna kanta da zarar an zare bindiga ko an kunna jiniya, a hana jami'i kallon hoton kafin ya rubuta rahotonsa na farko, kuma kashe ta da gangan ya zama abin da kotu za ta lissafa a kansa.

Barista Zainab: Na yarda da ukun. Amma Malam, Nichols ɗin da ka kawo, da hoton turken da na ƙirji duka a gabansu, masu taya alƙali a kotun jihar Tennessee sun wanke jami'ai uku daga dukkan tuhuma a Mayun 2025. A watan ne kuma ma'aikatar shari'a ta tarayya ta janye daga yarjejeniyar sa ido a kan rundunonin Minneapolis da Louisville, garin Floyd da garin Breonna, kwanaki kaɗan kafin cikarsa shekara biyar.